Rufi Mai Taku Goma Sha Biyu

Targelia Chango ba ta taɓa yin nauyi ba. Tun muna yara a Yanaloma, in aka saka mu a mangalar jaki, ni a nan ita a can, gefena ne ke rinjaya, sai an ƙara mata dutse a nata ɓangaren. Ni Orfelina na girma na zama mace mai cika ƙofa, ita kuwa ta tsaya inda take, ƙashi da fata da baki. Mahaifiyarta ta yi ta ɗura mata romon kaza da madarar akuya, duk a banza. A lokacin ba wanda ya san ramar nan ce za ta zama sana'arta.

Garinmu a gindin Mama yake. Haka muke kiran dutsenmu mai aman wuta, kuma ba ƙauna ce kaɗai ta sa ba. Takan yi shekaru tana barci har a saki jiki, a shuka dankali har kusa da wuyanta. Sai wata rana tagogi su fara rawa, karnuka su ƙi abinci, kuy, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo da muke kiwo a gefen murhu don naman biki, su yi tsit. Daga nan sai toka. Wanda bai san ta ba zai ɗauka irin ta murhu ce, mai tashi in an hura. Ba ita ba ce. Yashi ne baƙi mai kaifi, yana shiga haƙori, yana cin ido. A bushe ma nauyi gare shi, in kuwa ruwan sama ya taɓa shi sai ya koma kwaɓaɓɓen siminti. Gidan da ruwa ya iske da toka a kansa, mutanen ciki su fara addu'a.

Saboda haka duk safiyar da toka ta kwana, gayya ake kira. Maza su hau kwazazzabo su buɗe hanyar ruwan sha kafin ta toshe, marasa nauyi kuma su hau rufi. Namiji ba ya hawa kwano mai toka, don shi da tokar sun fi ƙarfin azara. Targelia tun ba ta gama fidda haƙoran yarinta ba aka fara miƙa ta sama. Ba takalmi take hawa, ƙafarta na laluben layin ƙusoshi a ƙarƙashin toka, don nan ne azara take. Tsumma jiƙaƙƙe a hanci, katako a bakin sanda na turawa, tsintsiyar ƙirare na bi. Ladanta kwanon dafaffiyar masara da cuku, in gidan masu hali ne a ɗora ƙwai. Tari ya kama ta tun tana budurwa bai sake ta ba. Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta gajiya da faɗarsa: rufin da ta ce ta ɗauka bai taɓa faɗuwa ba.

Gidajenmu duk kusurwa huɗu ne, tsawo da faɗi ɗaya, yadda kakanni suka gina. Shi ya sa ba ma wahalar da kanmu wajen awo. Bango ɗaya ake takawa, a ce gidan wane mai taku biyar ne, na wane mai shida, na mai kuɗin gari mai bakwai. Da wannan ƙidayar ake raba rufi ranar gayya. Tsakanin biyar da bakwai, ko da kuskure a lissafin, bai kai ya nuna fuskarsa ba. In mai shara ta makara a kan mai bakwai, sai a ce ta tsaya gulma da matar gida. Kowa a garin ya san mai taku shida yana cin Targelia daga karin kumallo zuwa hantsi, har mata kan ɗora tukunya da wannan.

Mijinta Telmo Aucancela mai alfadarai ne, yana kai dankali da albasa kasuwar kwari. Ƙato ne na gaske, in ya zauna a bencin coci sai na ɗaya gefen ya riƙe wani abu. Wata shekara yana wucewa ta gindin gidan kawunta ta turo toka ta sauka a kansa, daga hula har takalmi. Ya ɗaga kai ya ce, "Wace tsuntsuwa ce ta yi mini wannan?"

Ta leƙo ta ce, "Yi haƙuri, na ɗauka tudu ne. Ashe yana magana."

Bayan girbin masara aka ɗaura musu aure. Sun shekara talatin da wani abu a gida mai taku shida suna cacar baki, shi ya ce tsohuwa, ita ta ce tsoho, tun gashinsu yana baƙi. Ɗa ɗaya ya rayu musu, Klever. Ni na riƙe shi a coci ranar baftisma, daga ranar ni da ita muka koma kiran juna komadre.

Klever ya tafi Sifen tare da sauran samarin garin, yana tsinkar latas a gonar wani Bature. Yana can mahaifinsa ya faɗi a bakin garke, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Yaron bai samu zuwa ba, kuma abin ya ci shi. Wanda kunya ta kama daga nesa, gini yake aikowa. Ya kira a waya ya ce a rushe tsohon gida, a yi wa iyayensa wanda ya ninka shi. Taku goma sha biyu kowane bango. Ya ce a yi rufin kwance irin na birni, a ja bango ya ɗan ɗara shi ta baya da gefe biyu don kada a ga kwano daga hanya. Tsakiya kuma a bar ta fili ba ginshiƙi, don a nan za a yi rawa ranar aurensa.

Wani dattijo da muke kira Don Lautaro ne ya yi aikin, shi ne maginin garin kuma shugaban gayya. A wajenmu Don da Doña laƙabin girmamawa ne, na namiji da na mace. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da duk muka yi tarayya a ciki ba. Ya ce tsohon gida ginshiƙi huɗu ne, wannan ninkinsa ne, a sa takwas. Ya ƙirga kwanon tsohon rufi ya sayo ninki biyu. Kwanon ya ƙare daidai rabin gida. Aka taru aka tsine wa direban motar da ya kawo kayan, aka ce a hanya ya sayar da rabi, har yau akwai masu kiransa ɓarawo. Aka sake sayo wani kamar na farko, ya rufe cif. Ni ma ina cikin masu tsinuwar, kuma muryata ta fi ta kowa.

Da suka tare, aka ajiye gadon Telmo a can ƙuryar baya, inda iska ba ta kaiwa, yana hangen ƙofa daga nesa. Maza huɗu ne suka shigar da shi. Targelia ta fara ƙorafin cewa sharar ɗaki na gajiyar da ita, ta ce tsufa ne ya zo. Tabarmin da ta saƙa ninki biyu suka zauna a tsakar ɗakin kamar an yar da su. Duk mun ga wannan da idonmu. Muka ce gida ya yi kyau, Allah ya yi wa Klever albarka. Mama kuwa tana barci a shekarun, ba wanda ya taɓa hawa rufin nan da tsintsiya.

Sai ta farka a farkon damina. Mun tashi da safe gari ya yi duhu kamar magariba, toka ta kai idon sawu a ƙofar gida. Kaji sun ƙi saukowa. Aka taru a filin coci, kowa da tsumma a hanci. Masu hawa rufi a da sun fi goma, yanzu duk suna Sifen suna wanke tsofaffin wasu. Saura Targelia da wasu mata biyu 'yan gida ɗaya, su ma ba yara ba. Ƙananan gidaje masu rufi a tsaye sun zubar da yawancin tasu, a iya kakkaɓe su da gora daga ƙasa. Abin damuwa shi ne makaranta da ɗakin shan magani a unguwar ƙetaren rafi, sai kuma gidan Klever.

Don Lautaro ya ce, "Doña Targelia, naki mai sha biyu ne. In bar miki ɗaya daga matan nan biyu?"

Ta ce, "Ka bar mini ita ta yi me, ta riƙe mini zani? Mai shida zuwa hantsi ne. Sha biyu, rana tsaka na sauko na ɗora miya. Ka tura su makaranta."

Ya dubi sama ya ce, "Ruwa ba ya zuwa sai rana ta karkata. Akwai sarari." Sai ya ƙara da cewa, "Ko dai mu ɗauke Don Telmo mu kai shi gidan Orfelina kafin mu hau?"

Aka je aka tambaye shi. Da karkataccen bakinsa ya ce shi ba buhun dankali ba ne da za a yi ta yawo da shi gida-gida, kuma gadona ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Maza suka yi dariya. Ni ma na yi, na ce ko kyauta aka ba ni shi ba na so. Suka kwashi shebur da dukan alfadaran garin suka hau kwazazzabo, inda waya ba ta kamawa. Matan biyu suka ƙetare rafi. Garin ya rage daga tsofaffi sai jarirai sai mu.

Ta kafa tsani a kusurwar hagu ta gaba, ta hau. Ni ina ƙasa da baro, ina kwashe abin da ta turo don kada ya toshe ƙofa. Ba ta ɗaga kai in tana aiki, haka take tun tana yarinya. Ƙafa ta san taku shida nan, taku shida can, hannu ya san sauran. Ina jin katakon yana gurzar kwano, shuu, sai tari, sai shuu. Mama kuma tana gurnani can ciki, ba da ƙarfi ba, irin wanda a tafin ƙafa ake jinsa.

Da hantsi ya yi sai gurzar ta tsaya. Na jira in ji ta ci gaba, shiru. Can ta ce, "Komadre, hau ki gani."

Na ce, "Ni? Kina so ki rasa tsani?"

"Hau dai. Iya bakin kwano."

Muryar ce ban so ba, babu tsiwa a cikinta. Na hau a hankali har kaina ya wuce bakin kwano. Tana tsaye a kan wuri mai sheƙi, kusurwa huɗu, daidai girman tsohon rufinta, ta share shi tas. A damanta akwai wani kamarsa, baƙi ƙirin. A bayanta wani. A can ƙurya, saman gadon Telmo, wani.

Ta ce, "Shida da shida sha biyu ne, ko ba haka ba?"

Na ce, "Sha biyu ne."

"To me ya sa na share gida guda, nake ganin saura uku?"

Na bi bangon gaba da ido, gida biyu ne a jere. Na bi na gefe, shi ma biyu. Biyu a gaba, biyu a bayansu. Ba wani abu ne mai wuya ba, yaron da ke wasa da ƙwallayen masara zai jera shi a ƙasa. Mun ninka tsawo, mun manta faɗi ma ya ninku, kuma kowane taku da aka ƙara a wannan bango sai ya ja layi guda har ƙarshen wancan. Gida huɗu muka gina muka kira shi biyu, muka ba shi ginshiƙan biyu. Direban nan da muka tsine wa ne ya faɗo mini a rai.

Na ce, "In ɗaya ya kai ki hantsi, huɗu fa?"

Ta ce, "Kada ki ƙirga mini, na ƙirga." Ta gyara tsumman hancinta. "Kada kuma ki faɗa wa tsoho."

Na ce ta tsallaka kai tsaye zuwa saman gadonsa. Ta nuna mini bangon da Klever ya sa aka ɗara, baya da gefe biyu a toshe. Toka ba ta da mafita sai ta gaba. Kafin ta taɓa ta saman gadon, sai ta buɗe ta gabanta, in ba haka ba tara nauyi za ta yi wuri ɗaya. Ta sunkuya ta ci gaba. Na sauka na tafi coci da saurin da jikina ya yarda, na kama igiyar ƙararrawa na yi ta ja har kafaɗuna suka mutu. Tsofaffi suka leƙo. Na san maza za su ji, na kuma san nisan da ke tsakaninmu. Matan ƙetare kuwa suna kan rufin da yara za su zauna a ƙarƙashinsa, ba mai sauko da su.

Rana ta take tsaka, in za a kira wannan farin tabo a sama rana. A lokacin da ta ce za ta ɗora miya, rabin rufin na gaba kawai ta gama. Ta bayan Mama kuma, inda hadarinmu ke fitowa, wani baƙi ya taso wanda ba hayaƙi ba ne. Mun san bambancinsu tun muna goye. Iska ta juya, ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban taɓa ƙin wannan ƙanshi ba sai ranar.

Na shiga ɗakin. Duhu ne, toka tana tsiyaya siririya daga mahaɗar kwanuka, ta yi layi-layi a ƙasa. Doguwar azarar tsakiya, wadda aka hana ginshiƙi saboda rawar biki, ta yi ciki kamar igiyar shanya. Telmo yana kwance idonsa a sama, yana bin ƙarar katako.

Ya ce, "Ta makara."

Na ce, "Tokar ce da yawa."

"Orfelina, baki ne ya karkace, ba kunne ba. Tun safe nake ƙirga ta. Yanzu ta zo kaina." Ya juyo da ido gare ni. "Gidan nan ya fi abin da muka ce, ko?"

Na ce ya fi. Na sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa na ɗaga. Ni da nake ɗaukar buhun dankali ni kaɗai, ko motsi bai yi ba. Ciwo bai rage shi ba, sai ma ya ƙara masa irin nauyin nan na jikin da ba ya taimakon kansa. Na gwada jan gadon, ƙafafunsa sun nutse a daɓe. Azara ta yi wata ƙara a samanmu, gajeriya, kamar an taka busasshen kara.

Ya ce, "Bar wahalar da kanki. Je ki sauko da ita."

"Ka taɓa ganin wanda ya sauko da ita?"

Ya yi abin da ya rage masa na dariya. Sai ya ce, "Jakarki tana nan? Akwai ƙirgin fatar sa a bayan ƙofa. Haka muke fitar da alfadarin da ya karye daga rami."

Na fita da gudu na kwanto tsohuwar jakata, wadda maza suka raina suka bari. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya. "Komadre, sauko. Zan fitar da shi."

Ta matso har inda zan ga kanta. Fuskar duk toka, ido biyu ja. Ta ce, "Ke da wa?"

"Ni da jaka."

"To ku biyu kun yi daidai. Fitar da shi tukuna, ki kira ni. Kafin nan ba zan bar wannan abu a kansa ba."

"Targelia, azarar ta lanƙwasa."

"Na sani, a kanta nake tsaye. Ki daina ɓata mini lokaci."

Ta juya ta koma ƙurya. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu, babba, baƙi.

Na shimfiɗa ƙirgin a gefen gado, na jera matasai, na mirgino shi. Ya faɗo da nauyinsa duka, bai yi ko uhum ba, sai dai na ga hawaye a idon da ke aiki. Na huda ƙirgin da wuƙa, na zura igiya, na ɗaura a ƙirjin jaka a bakin ƙofa. Ta ƙi motsi. Na roƙe ta, na zage ta, na zagi uwarta, na sa kafaɗa a gindinta na tura. Ƙirgin ya fara tafiya. Ban taɓa sanin ɗakin nan yana da nisa haka ba. Ana cikin haka ruwa ya sauko gaba ɗaya. Wanda bai taɓa zama a ƙarƙashin kwano ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba, ba zai gane ba. Ina ganin bakin Telmo yana motsi, ba na jin komai. Baƙin ruwa ya fara zuba ta mahaɗar kwanuka, kuma ta cikin duk wannan ina jin gurzar katakonta a jikin azara, ta ƙara sauri.

Muka wuce tsakiyar ɗaki, muka wuce dokin ƙofa da ya kusa yage masa baya. Jaka ta ja shi har gindin bishiyar turare a ƙarshen tsakar gida, ta tsaya. Yana kwance a cikin laka, ruwa na dukan fuskarsa, karo na farko da ya ga sama tun da aka shigar da shi gidan. Daga inda yake ana hango rufin duka.

Tana can ƙurya, ta ba mu baya, a sunkuye. Tokar ta jiƙe ta daina turuwa, sai ta yar da sandar ta koma kwasa da katakon a hannu biyu, tana jefawa ta saman bangon baya. Na kira sunanta. Na kira da muryar da ake jina da ita daga ƙetaren rafi. Ruwa ya haɗiye. Na hau tsani, na ɗora gwiwa ɗaya a kan kwanon da ta share, ya lotsa a ƙarƙashina, na ji dukan rufin ya amsa. Na janye. In na hau, ni zan kashe ta. Na cire takalmina na jefa, ya faɗi a cikin toka bai kai rabi ba. Na jefa ɗayan. Na waiwaya na ga Telmo ya sa yatsu biyu na hannun hagu a baki, yana son yin fito irin wanda yake tsayar da alfadarai da shi daga wancan tudu. Iska kawai ke fita, da yawu. Ya yi ta gwadawa.

Sau ɗaya ta miƙe ta dafa ƙugu. Na ɗaga hannu biyu ina kaɗawa. Da ta juyo ko kaɗan, da ta gan mu. Amma ba gefenmu take kallo ba, abin da ya rage mata take aunawa. Ta sake sunkuyawa.

Rufin bai yi ƙarar da na zata ba. Tsakiyarsa ce ta zauna a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, sai ɓangaren baya ya bi ta. Ginshiƙan gefe suka sunkuyo ciki. Na ga bayan rigarta, sai ban gan shi ba. Tsanin da nake kai ya ja baya ya yar da ni a laka.

Maza sun iso ruwa na tsagaitawa. Sun ji ƙararrawa, sun baro aikin sun gangaro, rafi ya cika ya tsare su. Don Lautaro ne ya fara ɗaga kwano da hannunsa, yana kuka kamar yaro, ban hana shi ba ban kuma rarrashe shi ba. A kan gadon Telmo aka same ta, azara a ƙirjinta, katakon yana hannunta. Kwanon da ke saman gadon ta kusa gama share shi. Na ɗaya ɓangaren bayan, wanda ko taɓa shi ba ta kai ga yi ba, shi ya karya azarar.

Maza huɗu suka ɗauki Telmo suka kai shi gidana, wannan karon bai ce komai a kan buhun dankali ba. Na wanke masa laka, na sa masa rigar marigayi mijina da ba ta rufe cikinsa ba. Na dama masa kunun sha'ir, ya kawar da kai. Ana ta shiga da fita, mata na shirya gawar Targelia a gidan wata ƙanwarta, wani ya hau tudu neman inda waya za ta kama don a gaya wa Klever. Ina jin haushin kowa a ranar, har da ita.

Da ɗakin ya rage daga ni sai shi, ya kama bakin zanina da hannun hagu. Ya daɗe yana haɗa maganar.

"Ta ji ki?"

Na so in ce ta ji. Amma yana kwance a wurin, ya ga abin da na gani. Na ce, "Ba ta ji ba."

"Ba ta juyo ba ko sau ɗaya."

"Ba ta juyo ba."

Ya saki zanin, ya mayar da ido sama. Na ɗauka ya gama. Ina tattara kwanon kunu ya sake magana, a hankali, yadda ba sai na ce ya maimaita ba.

"To ita a saninta ina ƙarƙashi. A saninta tare muka tafi." Ya sake kamo bakin zanina. "Orfelina, yanzu haka tana can tana nemana."